Girkin Kaboyi: Abin da Makiyayan Teksas Suka Ci a Daji da Abin da Aka Liƙa Musu Daga Baya

Kalmar kaboyi ta shiga bakin Hausawa ta ƙofar silima, amma a 'yan shekarun nan ta koma kicin. Mai neman girkin Amurka zai ci karo da waken kaboyi, gahawar kaboyi, man shanun kaboyi, har da wani kwaɗon wake mai wannan suna. Wasu daga ciki makiyayan Teksas sun ci su da gaske, safe da dare. Wasu kuwa ko a mafarki ba su gan su ba. Ruɗanin ya fi tsanani a kan cili, wato dahuwar nama da barkono da majalisar dokokin Teksas ta ayyana a matsayin abincin jihar a 1977. Wani ya ce da zarar wake ya shiga tukunya ta tashi daga cili, wani ya ce ai da wake kakarsa ke yi.

Akwai ma'auni ɗaya da ke warware yawancin gardamar: abincin makiyayan nan a cikin keke yake tafiya, wata biyu zuwa uku a cikin rana da ƙura, babu ƙanƙara balle firji. Duk abin da ba zai jure wannan tafiya ba, daga baya ya samu sunan.

Wane ne kaboyi?

Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, ya bar Teksas da miliyoyin shanu masu dogayen ƙaho suna yawo a daji babu mai saye. San da bai wuce dala 4 a can ba yana iya kai dala 40 a kasuwannin arewa. Sai aka shiga kora su da ƙafa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, irin su Abilene, inda wani ɗan kasuwa, Joseph McCoy, ya buɗe zangon shanu a 1867. Garke ɗaya kan kai shanu 2,000 zuwa 3,000, da mahaya goma zuwa sha biyu, ana tafiyar mil 10 zuwa 15 a yini don kada dabbobin su rame kafin kasuwa.

Kaboyi ɗan ƙwadago ne da ake biya a wata, shanun ba nasa ba ne. Nan ya sha bamban da Bafulatanin da ke tafe da iyalinsa da shanun tatsa. Shi shanun yanka yake kora, ba ya tatsar su, don haka nono da man shanu da cuku ba sa cikin cimarsa, duk da yana kwana a tsakiyar dubban shanu. Sana'ar kanta daga makiyayan Meksiko aka gaje ta, waɗanda ake kira bakero, kuma masana tarihi na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu korar shanun baƙaƙen fata ne, da yawansu 'yantattun bayi. Zamanin bai yi tsawo ba. Waya mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta datse burtali, jirgin ƙasa ya matso kudu, Kansas ta hana shigar shanun Teksas a 1885 saboda cutar da kaska ke yaɗawa, sannan mugun hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu birjik. Duka-duka shekara ashirin ne.

Keken girki da abin da ke cikinsa

A 1866 wani mai shanu, Charles Goodnight, ya sayi tsohon keken soja ƙirar Studebaker ya mayar da shi kicin mai tafiya, abin da ake kira cakwagon. A baya ya kafa akwati mai ɗakuna-ɗakuna, murfinsa in an sauke shi sai ya zama teburin aiki. Gangar ruwa a gefe. A ƙarƙashi an ɗaure fatar sa kamar jaka, ana jefa itace da busasshen kashin shanu a ciki, domin a filayen da za a ratsa bishiya ta yi ƙaranci. Alfadarai ko takarkarai ke ja.

Kayan ciki ba su da yawa: garin alkama, garin masara, busasshen wake, shinkafa, naman alade mai gishiri, kitse, gahawa, sukari, baƙin ruwan rake mai kauri, busassun tuffa da inabi, gishiri, barkono, albasa, sai tumatirin gwangwani da ya yawaita a shekarun baya-baya. Naman sa ba kullum ake samu ba, don sa guda ya fi ƙarfin mutum goma kafin ya lalace. In an yanka maraƙi, kayan ciki ake fara dafawa tun da su ke saurin wari: zuciya, hanta, ƙwaƙwalwa da hanji, duka a tukunya ɗaya. Sauran naman a rataye shi ya sha sanyin dare, da gari ya waye a naɗe shi cikin tamfol.

Kuku shi ne na biyu a daraja bayan jagoran tafiya, albashinsa kan kai kusan ninki biyu na mahayi. Shi ke tashi tun ƙarfe uku na dare, shi ne likita, shi ne wanzami. Da dare yakan juya sandar jan keken ta fuskanci tauraron arewa, don jagora ya san alƙibla da safe. Kuma babu mahayin da zai sukwano ta inda iska ke kaɗowa ya bula wa tukunya ƙura ya kwana lafiya.

Wake, wanda kowa ya yarda da shi

Babu mai musun cewa wake ne ginshiƙin cimar. Irin da aka fi sani shi ne finto, mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ɗan asalin nahiyar Amurka. Jinsinsa daban da farin wakenmu mai baƙin ido, ya fi shi tauri, romonsa kuma ya fi kauri.

Ga rabin kilo: a tsince, a wanke, a jiƙa awa takwas cikin ruwa lita biyu da gishiri babban cokali ɗaya. Zancen cewa gishiri na hana wake nuna bai tabbata ba, jiƙon ruwan gishiri ma laushi yake sa fatar. A zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabo ya haura waken da kamar yatsa uku, a sa albasa ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku, busasshen barkono ɗaya ko biyu, da giram 100 zuwa 150 na nama mai kitse. A bar shi ya tafasa sosai minti goma, sannan a rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ruwa ya ja, da ruwan zafi ake ƙarawa.

Abin da ke hana wake nuna tsami ne. Tumatir, ruwan khal ko ruwan rake in suka shiga tun farko, sai a wuni ana hura wuta waken na nan kamar tsakuwa. Sai ya yi laushi ake zuba su. Tsohon wake da ya daɗe a ajiye cikin zafi shi ma yana gardama, kuma maganinsa kwatan ƙaramin cokali na sodar girki, aikin da kanwa ke yi a namu girkin. In aka zarce, ɗanɗanon sabulu ya fito, waken ya dame.

Tafasar minti goman nan ba ta ado ba ce, musamman ga jan wake mai siffar ƙoda da ake yawan sawa a cili. Ɗanyensa na ɗauke da wani sinadari da ke jawo amai da gudawa, ƙwaya huɗu ko biyar sun isa. Tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi. Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali ba lallai ta kai wannan zafin ba, shi ya sa ake fara tafasa shi a kan wuta. Na gwangwani dafaffe ne, ba shi da wannan matsala.

Rigimar wake a cikin cili

Cikakken sunan da Sifaniyanci, cili kon karne, ma'anarsa barkono da nama. Masu cewa ba a sa wake daga nan suke fara kafa hujja. Sukan ƙara da ruwayar matafiyan Teksas na wajen 1850 da ke kirɓa busasshen nama da kitse da barkono da gishiri, su dunƙule kamar tubali, in an sauka a jefa a ruwan zafi. Sannan su nuna matan San Antoniyo 'yan asalin Meksiko, waɗanda suka shekara da shekaru suna sayar da cili da dare a dandalin birnin har hukumar lafiya ta tashe su a 1937. A wurin waɗannan mata wake abinci ne da ake kawowa a gefe. Wannan ra'ayi ya zama doka a gasar cili ta Terlingua, wani ƙaramin gari a Teksas, wadda aka fara a 1967 tsakanin Wick Fowler ɗan Teksas da marubuci H. Allen Smith, aka tashi canjaras. Ƙungiyar CASI da ke shirya gasa a can duk Nuwamba ta hana wake, taliya, shinkafa da duk wani abin cika tukunya.

Ɗaya ɓangaren ba su musa wannan tarihi ba. Abin da suke cewa shi ne cili abincin talaka ne tun asali, kuma talaka da abin da ke hannunsa yake girki. Bayan William Gebhardt ya fara sayar da garin yajin cili a 1894, girkin ya bazu zuwa jihohin da ba a samun barkonon Meksiko, kowace ta juya shi yadda ta ga dama. A birnin Cincinnati na jihar Ohio, 'yan gudun hijira daga Masedoniya sun fara zuba shi a kan taliya da kirfa a 1922. A shekarun karayar tattalin arziki na 1930, wake ne ya sa nama kaɗan ya ishi gida guda. Ita ma ɗaya babbar ƙungiyar gasar, ICS, ta hana wake a rukunin jan cili na gargajiya, amma ta ware rukunin girkin gida inda ake sa shi.

In an duba da kyau, ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke karewa ba. Na farko cilin kasuwar San Antoniyo da na gasa suke nufi, na biyu kuma na tukunyar iyali. Shi kuwa kaboyin da ake jingina wa maganar, akushi ɗaya gare shi na ƙarfe, kuma ko da an dafa wake daban, a nan suke haɗuwa da naman.

Yadda ake jan cili na Teksas

Ana bukatar kilo ɗaya na naman kafaɗar sa, mai jijiya da ɗan kitse, a yanka ƙanana kamar kan yatsa. Niƙaƙƙen nama yana yi, sai dai yakan watse ya zama kamar fate. Jan launin daga barkono yake zuwa, ba daga tumatir ba. Ana amfani da anco, wani faffaɗan busasshen barkono mai zaƙi-zaƙi marar yaji sosai, kamar guda shida, da ƙananan masu zafi biyu ko uku. Inda babu anco, busasshen tattasai giram 60 zuwa 70 shi ya fi kusa, a haɗa da ɗan barkono gwargwadon juriya.

A cire hanci da 'ya'yan, a gasa a busasshen kasko daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe, har ƙamshi ya tashi. A nan mutane da yawa ke ɓata girkin: barkonon da ya yi baƙi ɗaci zai ba tukunya gaba ɗaya, kuma babu gyara sai a sake sabo. A jiƙa a ruwan zafi minti 25, a markaɗa ya yi sumul.

A narka kitse babban cokali uku, a soya naman kashi-kashi, sau uku ko huɗu. In aka juye shi gaba ɗaya ruwa zai fitar, ya dahu a maimakon ya soyu, a rasa ƙamshin. A kwashe, a soya albasa ɗaya da tafarnuwa ƙwaya biyar a wannan kitsen, a sa kayan ƙamshi, wato kumin babban cokali ɗaya da oregano ƙaramin cokali ɗaya, a zuba markaɗen ya soyu minti uku. Sai a mayar da nama, a zuba romo kamar kashi uku cikin huɗu na lita da gishiri ƙaramin cokali biyu. A rufe ba ruf ba, a kan wuta kaɗan, awa biyu zuwa biyu da rabi, ana juyawa kada ya kama. Wuta mai ƙarfi tana sa naman ya ƙanƙance ya yi tauri.

A minti sha biyar na ƙarshe ake ɗaure romon da masa babban cokali biyu. Masar nan ba waina ba ce, suna ne ya zo ɗaya: garin masara ne da 'yan Meksiko ke dafawa da ruwan farar ƙasa kafin niƙa. Lallausan garin masara da aka dama da ruwan sanyi zai tsaya a madadinsa. In aka barbaɗa shi busasshe, gudaji zai yi. Mai son wake ya zuba dafaffe kofi biyu a wannan lokacin.

Ƙullun tsami da tukunyar ƙarfe

Abin da Amurkawa ke kira biskit ba shi ne busasshen biskit mai zaƙi na kanti ba, ƙaramin burodi ne mai laushi. Tun da babu yis na leda a daji, kuku na riƙe da 'yar ganga ta ƙullun tsami da yake ciyarwa da gari da ruwa kullum. A daren sanyi har cikin bargonsa yake sa ta don kada ta mutu.

Ana tayar da ƙullun da gari giram 50 da ruwa giram 50, kullum a zubar da rabi a ƙara sabo, kwana biyar zuwa bakwai, har ya riƙa ninkuwa yana kumfa. A ƙasa mai zafi yana saurin cinye abincinsa, sai an ciyar da shi sau biyu a yini. Ruwa-ruwan da ke taruwa a sama alamar yunwa ce kawai. Amma in aka ga launin ja-ja ko ruwan lemo, ko furfura, a zubar.

Ga biskit goma sha biyu: gari giram 250, ƙullu giram 250, kitse mai sanyi giram 60, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, sukari babban cokali ɗaya, sodar girki rabin ƙaramin cokali, da ruwa kamar mililita 90. A murtsuke kitsen cikin gari da yatsu, a haɗa sauran, a tattara kawai. Yawan murzawa ne ke mayar da shi kamar roba. A gutsura dunƙule-dunƙule, a shafe su da kitse, a jera suna taɓa juna, a bar su su tashi rabin awa.

Tukunyar ta baƙin ƙarfe ce mai ƙafa uku, murfinta shimfiɗaɗɗe mai baki don ya riƙe garwashi. Jihar Teksas ta ayyana ta a matsayin kayan girkinta na hukuma a 2005, shekarar da ta karrama keken girkin shi ma. Masu amfani da curarren gawayi na kamfani suna ƙirgawa: tukunya mai faɗin inci 12 na son ƙwaya 25 don zafin digiri 175 a ma'aunin Salsiyas, wato 17 a sama 8 a ƙasa. Biskit na son kusan digiri 220, ƙwaya 21 a sama 10 a ƙasa, minti 15 zuwa 20. Da gawayin itace ba a ƙirga, amma rabon na nan: kashi biyu a kan murfi, kashi ɗaya a ƙasa, kuma na ƙasan a jera shi zobe a gefe. Garwashi a tsakiyar gindin tukunya shi ke ƙona ƙasan burodi alhali cikinsa ɗanye. Duk bayan minti biyar a ɗan juya tukunyar ta wani gefe, murfin kuma ta ɗaya gefen. Kada a zuba ruwan sanyi a ƙarfen yana da zafi, tsagewa yake yi.

Gahawa

Kafin John Arbuckle ya yi rajistar dabararsa ta lulluɓe gasasshiyar gahawa da ƙwai da sukari a 1868, ɗanya ake saya, kuku ya soya a kasko. Gahawar Arbuckle ta mamaye sansanonin shanu, kuma a kowane ƙunshi akwai alewar na'a-na'a guda, wadda kuku ke ba duk wanda ya yarda ya juya masa injin niƙa. Ga lita ɗaya na ruwa, babban cokali takwas na ɓarzajjiyar gahawa. A tafasa ruwan, a sauke rabin minti, a zuba, a bar shi minti huɗu, sannan a yayyafa ɗan ruwan sanyi don tukar ta kwanta. In aka bar garin yana tafasa a kan wuta, ɗaci ne sakamakon.

Waɗanda suka ari sunan

Kwaɗon waken da ake kira kabiyar kaboyi, wato ana kwatanta shi cikin raha da ƙwan kifin nan mai tsada, Helen Corbitt ce ta ƙirƙiro shi a Teksas wajen 1940, kuma ita 'yar jihar New York ce mai girki a manyan wuraren cin abinci. Waken da ta yi amfani da shi mai baƙin ido ne, wanda ya isa Amurka daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. A 2022 an yi ce-ce-ku-ce a kansa a TikTok: wasu 'yan asalin Meksiko suka ce an ɗauki haɗinsu na tumatir da albasa da barkono an sauya masa suna, wasu suka ce girkin Corbitt daban ne kuma yana da nasa tarihin. Kukis ɗin kaboyi, wani biskit mai zaƙi mai cakulan da kwakwa, ya yi tashe ne bayan Laura Bush, matar George W. Bush, ta ci gasar wata mujalla da shi a 2000. Man shanun kaboyi, mai lemon tsami da tafarnuwa da ɗanyen ganye, na zamanin nan ne. Ba wanda ya ce ba su da daɗi, sai dai ba ɗayansu da zai kwana uku a keken Goodnight.

Abin da ya shafi mai girki a gida

Musulmi ya karanta kayan haɗi kafin ya ɗora tukunya. Yawancin girkin waken kaboyi da naman alade ake rubuta shi, wasu cilin ana zuba musu giya, wasu waken gwangwani kuma da kitsen alade aka soya su. Aikin aladen a tukunya kitse ne da gishiri, wani lokaci da ƙamshin hayaƙi. Kitsen sa da ɗan naman banda, ko wutsiyar sa, suna yin wannan aikin, romo kuma ya maye gurbin giya. Wanda zai sa farin wake a madadin finto ya rage lokaci zuwa minti 45 ko awa ɗaya, kuma ba ya bukatar dogon jiƙo.

Ta fuskar aljihu, ledar yajin cili ta kanti ba komai ba ce illa garin barkono, kumin, oregano, tafarnuwa da gishiri, abin da za a iya haɗawa a gida. Ta fuskar lafiya kuma, an tsara cimar nan ne don mai wuni a kan sirdi tun asuba har faɗuwar rana, don haka mai zaman ofis ko mai hawan jini ya rage kitsen da gishirin. Babbar tukunyar cili ko wake tana daɗewa ba ta huce ba, kuma a wannan ɗumin ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Abin da ya rage a raba shi a faffaɗan mazubai a sa a firji cikin awa biyu. Inda wuta ba ta da tabbas, a dafa daidai wanda za a cinye a zama ɗaya.